Sanda Ɗaya Kafin Koko

Zuwa ga Kawuna, Malam Bukar,
a gidan 'yarsa Yagana, Maiduguri.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ɗa ga ubansa, ina fatan wannan saƙo ya same ka cikin rangwame. Yaya jiki? Yaya hannun, ya fara motsi? Inna tana gaishe ka, ƙannena suna gaishe ka, mutanen masallacinmu kuwa ba a watsewa ba su tambaye ka ba. Allah Ya ƙara afuwa.

Na san Yagana ce za ta karanta maka wannan daga wayarta. Ka umarce ta ta karanta duka, kada ta tsallake wuraren da na yi rashin kunya. Na san halin taubashiyata. Idan aka bar ta, sai ta wanke mini magana tas, ta mai da ni mutumin kirki, kai kuma ka yi ta tambayar wane ne ya rubuto.

Da gangan na sa shi a fili inda masu bibiyata za su gani. Sun daɗe suna karanta faɗana da habaicina, har wasu sun ɗauka da cizo aka haife ni. To yau su karanta godiya, ko da sau ɗaya ne.

Ka yi mini haƙuri in faɗi abin da ka fi ni sani, saboda mutanen birni da ke karantawa. Gonar Inna tana can ƙarshen wata 'yar ƙorama da ta ɓalle daga kogin Haɗeja. Tun rasuwar Baba gonar nan ce cinmu, shinkafa da damina, alkama da rani. Tsakanin kogi da gona kuwa akwai kacala, ciyawar ruwan nan da ta fi mutum tsawo. Idan ta rufe ƙorama, da damina ruwa ya rasa hanya ya haye gonaki, da rani kuma ya ƙi zuwa sam. Tsuntsaye jan-baki su kwana a cikinta, gari ya waye su karya da shinkafarmu. Wanda bai taɓa tsayawa a gabanta ba ba zai gane yadda ciyawa ke iya talauta gari ba.

Kai ka ɗauki ƙoramar nan a wuyanka saboda ƙanwarka. Kullum da lauje kake zuwa sallar asuba, ka ajiye shi bakin ƙofar masallaci kusa da takalmanka. Ana sallamewa ba ka komawa gida. Sai ka wuce ƙorama, ka shimfiɗa doguwar sandar da kake tura kwalekwale da ita a gefen ruwa, ka yanke kacala daidai tsawonta, ka jawo abin da ka yanke ka tara a gaɓa. Sanda ɗaya. Sannan ka fito ka wanke ƙafa, ka zo Inna ta ba ka koko. In ka kai ƙarshen ƙorama ka koma farko. Ranar Sallah ma sai da ka yanke sandarka kafin ka sa babbar riga, liman yana maka tsiya wai lauje zai riga ka shiga Aljanna.

Tun da na tasa kake jana zuwa wurin nan, kuma ban taɓa tafiya da daɗin rai ba, kai ma shaida ne. Ni a gaɓa ina zuba, kai a ruwa kana yanka. Daga nan ka laƙaba mini sunan da har yau bai bar ni ba. "Rediyo, rage murya ka shigo ruwa."

In na ce yau ba na jin yi, amsarka ɗaya ce. "Wa ya tambayi jinka? Ni hannunka na kira."

Wallahi Kawu, maganar nan ta sha ƙona mini rai. Na ɗauke ta raini. Ni da na koya wa kaina karatu? Ka tuna bayan an cire ni daga makaranta, da tsofaffin jaridun da ake naɗe bandar kifi a kasuwar Haɗeja na ci gaba. Ina warware su suna ƙarni, ina haɗa baƙi da baƙi. Daga nan na koma kan littattafan gwanjo, daga nan waya ta zo. A waya na haɗu da mutanen nan masu kwat da zaƙin baki, masu cewa akwai wata wuta a cikin kowane mutum, in ya hura ta zai kau da dutse. In na saurare su sai in ji kamar in ɗauki kogin gaba ɗaya in karkata shi da hannuna. Sai in dube ka da 'yar sandarka in ji tausayinka. A raina nakan ce, wannan bawan Allah zai ƙare rayuwarsa yana yi wa kogi aski da reza.

Akwai safiyar da ba na mantawa. Na zo da wutar nan tana ci, na riga ka faɗawa ruwa, na gama tsawon sanda kafin ka gama naɗe wando. Na ɗaga lauje zan ci gaba, sai ka riƙe mini hannu. Ka ce, "Ya isa. Fito." Na ce yau fa ƙarfi nake ji, bari in yi biyar, in yi goma. Ka ce, "Na gani. Ajiye sauran, gobe za ka neme shi ka rasa."

Na fito ina huci. Har gida ina faɗa, wai ranar da ba na so ka tilasta ni, ranar da nake so ka hana ni, to me ake so da ni? Inna tana dama koko tana dariya ƙasa-ƙasa, kai kuwa ko kallona ba ka yi ba. Ka karɓi ƙwaryarka ka ce mata sukari ya yi kaɗan.

Sai ga ƙarshen daminar bana, ciwon nan ya same ka a bakin masallaci, ɓarin jiki ya shanye, Yagana da mijinta suka zo suka tafi da kai. Aka dawo da laujenka da takalmanka gida tare. Inna ta jingine sandar a bayan ɗaki. Ba wanda ya ce mini ƙorama ta dawo hannuna, don ba sai an faɗa ba.

Na ce zan yi, kuma da gaske nake. Amma na ce ba irin naka ba. Zan jira ranar da jikina ya ba ni, in yi aikin wata guda a wuni ɗaya. Ranar ta yi ta matsawa gaba. Yau ana sanyi. Gobe kasuwa. Jibi akwai wani babban mutum da ya yi maganar banza a rediyo, dole in ba shi amsa mai tsawo. Kullum ina da hujja, kuma hujjojina masu kyau ne, ka san ba a kayar da ni a magana. Kacala kuwa ba ta saurari ko ɗaya ba.

Da na ga ta fara haɗe baki, sai na kira gayya. Na yi rubutu mai zafi, irin wanda na iya, samari suka amsa daga unguwa-unguwa, wasu har daga garin Malam Madori suka hawo babura. Aka zo da lasifika, aka zo da shinkafa da wake a manyan kuloli. Kawu, ban taɓa jin daɗin rana kamar wannan ba. Kafin azahar mun buɗe abin da kai sai ka yi watanni ba ka buɗe ba. Aka ɗau hotuna, aka ɗaga adduna sama, aka kira ni jagora. Na so a ce kana nan ka gani.

Gara da ba ka nan.

Ka sha gaya mini a ƙarƙashin ruwa ake yanke kacala. "Sunkuya har ruwa ya taɓa haɓarka. In ka yanke ta a sama, aski ka yi mata." Sai ruwa ya shiga cikin kututturen yake ruɓewa. Na san wannan sarai. Amma wa zai sunkuya cikin ruwan sanyi da taɓo alhali kiɗa na tashi, ana ɗaukar hoto, kowa na son a ga yadda addarsa ke zubar da ciyawa? A tsaye muka yi ta sara, ni ne ma kan gaba. Abin da muka sare kuma muka bar shi cikin ruwa, don jawo shi gaɓa ba ya kyau a hoto. Bayan 'yan makonni na koma na tarar ta tsiro shar, ta fi da kauri, ga ruɓaɓɓen da muka bari ya zama madatsa. Na kira gayya ta biyu. Kowa ya turo mini addu'a da hoton babban yatsa.

Lokacin shukar alkama yana ta ƙaratowa, ramin da muke sa injin ban-ruwa a gindin gona ya bushe har ya tsage. Ka san buhun irin alkamar da Inna ke ɓoyewa ƙarƙashin gado, wanda ko yunwa ta kai ina ba ta taɓa shi. Wata rana na shigo na tarar ta jawo shi tsakar gida, ta kwance bakinsa, tana zuba hannu tana dubawa. Ba ta yi mini faɗa ba. Da ma ta yi, da na samu abin mayarwa. Cewa kawai ta yi, in sanyi ya raba tsakiya ruwa bai zo ba, za ta kai shi inji a niƙa, gara yara su ci da ƙwari su ci. Ta ɗaure ta mayar.

Ka san ma'anar wannan. In aka niƙa iri, babu alkama bana, babu iri baɗi, gidan Baba ya koma jiran abin da maƙwabta za su miƙo ta katanga.

Zan so in ce maka maganar Inna ce ta zaburar da ni, na tashi da sabon ƙuduri. Masu kwat haka za su so labarin ya tafi. Ba haka aka yi ba. Abin da na yi shi ne na ƙara fusata, na fara shirya wani dogon rubutu a kaina a kan waɗanda aka ɗora wa alhakin yashe kogin nan suka bar mu da lauje. Washegari na fito daga sallar asuba ina ta jera kalmomin, ina gyara wannan ina ƙara wa wancan gishiri, ina tafe ina magana ni kaɗai kamar sabon kamu. Ban farga ba sai da na ji taɓo a ƙafata. Ashe bakin ƙorama na zo. Kaina yana can yana faɗa da manya, ƙafafuna kuwa sun bi hanyar da ka saba musu, daga ƙofar masallaci, ta bayan makabarta, zuwa ruwa.

Na tsaya ina kallon kacala tana kallona. Ba lauje, ba sanda. Kunya ta hana ni komawa hannu wofi, sai na naɗe wando na shiga na yi ta jawo ruɓaɓɓen da muka bari. Da na dawo gida jiƙe, Inna ta dube ni sama da ƙasa ta miƙo koko.

Da asubar da ta biyo na ɗauki laujenka na tafi da shi masallaci, na ajiye kusa da takalmana. A nan na gane wayonka. In lauje yana gida, sai ka koma ɗauka, in ka koma kuwa ga tabarma, ga bargo, ga waya, shi ke nan an gama da kai. In yana bakin masallaci, tsofaffi sun gan shi, ba yadda za a yi ka ɗauke shi ka nufi gida a kan idonsu. Ladan ya dube shi ya dube ni ya ce, "A'a, Rediyo ya samu sabon batir." Na haɗiye amsar da ta zo mini. Kai ma ka san wannan kaɗai abin a yi mini barka ne.

Ba zan yi maka ƙarya in ce na fara son aikin ba. Har yau ba na son sa. Ruwan da sanyi kamar ana yanka ka. Matsattsaku sun mai da ƙwaurina gidan abinci. Ganyen kacala ya tsattsaga mini hannu har riƙe waya ya zama wahala, abin da wasu suka ce rahama ce ga al'umma. Mafi yawan safiya, in da za a tambayi raina, cewa zai yi a bari sai gobe. Sai dai na daina tambayarsa. Na lura muddin na buɗe masa ƙofar shawara to ya ci ni, don ya fi ni iya magana, ni da kaina. Yanzu kafin ya gama gyara murya ina cikin ruwa har ƙirji.

Ranakun ƙarfi ma sun zo, irin waɗanda nake ji kamar in kai ƙarshe a wuni ɗaya. A nan na fi jin hannunka a kan nawa. Na fito a kan lokaci, ina jin haushi, washegari kuma na tashi da sauran ƙarfi a jikina da sauran marmari. Da can in na yi aikin zuciya sai in kwanta kwana da kwanaki ina jinyar baya, in tsani ƙorama da duk wanda ya ambace ta. Ashe abin da kake tsare mini ke nan.

Akwai bidi'a ɗaya da na shigo da ita, ka yafe mini. Da na ga lokaci ya ƙure, na ƙara wata sandar bayan la'asar. Ita ma na ɗaure ta da salla, ita ma ba na wuce tsawonta. Na san za ka taɓe baki. Taɓe, ni dai na faɗa maka.

Kada kuma ka ɗauka na sauka daga kan bakana gaba ɗaya. Har gobe ina nan a kan cewa kogin Haɗeja ya fi ƙarfin lauje. Akwai masu haƙƙin kawo manyan injuna su buɗe shi, kuma haƙurin irinku ya sa sun samu wurin barci. Ba daidai ba ne dattijo kamarka ya ƙare ƙarfinsa cikin taɓo saboda wasu sun ƙi yin aikinsu. Wannan faɗan ba zan bar shi ba. Bambancin kawai, yanzu sai na fito daga ruwa nake yin sa, kuma na ga ya fi kama jiki. Mutumin da ƙafarsa ke da taɓo in ya yi maganar kogi, ana sauraronsa daban. Hatta karatuna ya gyaru. Akwai wani ƙaton littafin tarihi da na saya tun bara, ina jiran ranar natsuwa in fara. Yanzu kullum bayan koko nakan karanta kaɗan in rufe, ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Na wuce rabi.

Ruwan kuwa, ban ma ga zuwansa ba. Na zaci ranar da zan fasa toshiyar ƙarshe zai taho da gudu da ƙara, in tsaya in yi kabbara. Ina! Na yanke sandata ta la'asar, na ga kamar ruwan ya ɗan motsa, na ce idona ne, na tafi kasuwa. Inna ce ta je gona washegari neman itace. Ta dawo bakin zaninta jiƙe, ba itace. Ta wuce ni a zaure, ta shiga ɗaki, na ji tana jan buhu. Ta fito da shi har gabana ta ce in je in aro amalanke. Sannan ta juya baya tana gyara ɗankwali, ta daɗe tana gyara shi, ta ce, "Ka kira Yaya."

Ka tuna kiran. Kai harshe ya yi maka nauyi, kana ta ƙoƙarin haɗa kalma. Ni kuma, Rediyo guda, wanda bai taɓa rasa abin faɗa ba tun da aka yanke masa cibiya, na riƙe waya na kasa cewa komai sai "Kawu, Kawu." Yagana ta gaji da mu ta karɓe ta ce in ba mu da magana kada mu ƙarar mata da caji. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Mun yi shuka a makare, amma mun yi. Alkama ta fito, ta rufe ƙasa, in iska ta kaɗa sai ka ga gonar tana rawa. Saura tsuntsu da abin da Allah Ya hukunta.

Na gode, Kawu. Na gode da duk safiyar da ka tashe ni ina zumɓura baki. Na gode da ba ka taɓa zama ka yi gardama da ni ba, don da ka yi da na kayar da kai, da yanzu mun niƙe irinmu mun cinye. Ka bar ni da surutuna ka yi ta jan ƙafata zuwa ruwa, shekara da shekaru, ba tare da ka ji na gode ko sau ɗaya ba. Ban san lokacin da abin ya shiga jikina ba. Ranar da kaina ya kasa, shi na tarar yana jirana.

Na yi kewarka. Ka ga na faɗa a gaban jama'a, ba zan iya janyewa ba.

Inna ta ce tiyar farko ta alkamar nan taka ce. Ta ji an ce abu mai tauri yana ba ka wahalar haɗiya, don haka za ta niƙa ta da laushi, ta tankaɗe sau biyu, a riƙa dama maka kunu. Ta ce ba za ta ba direba saƙo ba, ni zan kawo da hannuna. Ka shirya kunnenka.

Allah Ya ba ka lafiya mai ɗorewa. Allah Ya warware harshenka, Ya mayar da ƙarfin hannunka, Ya sa wannan ciwo ya zama kankarar zunubi. Allah Ya sanya kowace safiyar da ka shiga ruwan sanyi saboda marayun ƙanwarka a mizaninka. Allah Ya saka wa Yagana da mijinta da alheri, duk da bakinta. Allah Ya jiƙan Baba. Ya sa in same ka zaune a ƙofar gida, da ƙarfin da za ka ce mini in yi shiru.

Amin.

Wassalam.

Ɗanka,
Mustafa,
daga bakin kogin Haɗeja.